Mai Kaɗa Bes a Jos: Zaman Ƙungiya ko Zumuncin Intanet?

A kowace ƙungiyar kiɗa mai kaɗa bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, guda ɗaya ne. Mawaƙa suna iya kaiwa goma, masu jita su zama biyu, a manyan majami'u ma akan jera fiyano biyu ko uku, amma da wuya a ga masu bes biyu a kan dandali ɗaya, domin aikin ba ya ɗaukar mutum biyu. Wannan ne ya sa mai bes, duk da cewa kullum yana cikin jama'a, ba ya samun abokin sana'a a kusa da zai tambaya me ya sa tsirkiyarsa take gogar ƙarafan wuyan jita, ko yaya ake hana tsirkiya ta biyar gurnani alhali ba a taɓa ta ba. Mai ganga bai san amsar ba, mai fiyano kuwa iyakarsa ya ce a rage sauti. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da masu bes suka rungumi haɗuwa da juna ta intanet hannu bibbiyu, domin a can ne mutum yake tarar da ɗaruruwan mutanen da suka san irin ciwon da ke kafaɗarsa da irin ƙarar da ke damunsa a amfilifaya.

Tambayar da ke gaban matashin da ya ɗauki bes a Jos ita ce inda zai zuba ƙarfinsa: ya jingina da ƙungiyar da ke bita kowane mako a ƙarƙashin wanda ya riga shi, ko ya sa kuɗinsa da darensa a kan data, da bidiyon darasi, da zaurukan makaɗa, da makarantun da ake biya ta intanet. Za a ce ya haɗa duka biyun, kuma gaskiya ne, sai dai yammacin Asabar guda ɗaya ne, aljihun ɗalibi ko mai koyon sana'a ma guda ɗaya ne, don haka dole ɗaya hanyar ta zama ginshiƙi, ɗayar kuma ta zama mai taimako. Wadda ta kamata ta zama ginshiƙin ta danganta da matakin da mutum yake da kuma ƙofofin da suke buɗe masa a gari.

Kafin a auna hanyoyin biyu, ya kamata a san abin da kayan kiɗan yake yi. Tsirkiya mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana girgiza kusan sau 41 a cikin sakan ɗaya, ta biyar da ake ƙarawa kuwa kusan sau 31. Ƙaramar sifikar wayar hannu ba ta iya fitar da sauti mai zurfi irin wannan ko kusa, abin da mai kallo yake ji a waya shi ne saman sautin da ƙarar yatsa a kan tsirkiya. Wannan yana da tasiri a kan irin kiɗan da ke yin farin jini a intanet, domin abin da ke fita sarai a waya shi ne marin tsirkiya da babban yatsa, da gudun yatsu a can ƙarshen wuya inda sauti yake siriri, alhali abin da ake ɗaukar mai bes aiki dominsa shi ne ƙasan kiɗa, da sanin tsawon da kowane sauti zai yi, da sanin inda za a yi shiru. Larry Graham, Ba'amurken da ake danganta salon marin tsirkiya da shi, ya fara yinsa ne lokacin da yake kiɗa tare da mahaifiyarsa babu mai ganga, wato yana cike gurbin gangar da babu ita ne. Yaron da ya kwashe wata shida yana kwaikwayon wannan salo a ɗakinsa, sannan ya zo ya zuba shi a kan mai ganga da ke aikinsa, a tsakiyar waƙar sujada mai sanyi, zai ga shugabar mawaƙa ta juyo ta harare shi, kuma tana da gaskiya.

A nan ne ƙungiya take da abin da ba a samu a wani wuri. Wanda ya taɓa zama a bayan dandali a wata majami'a ta Tudun Wada, ko Kabong, ko Anguwan Rukuba, ya san yadda lamarin yake gudana. An yi bita ranar Asabar an tsayar da waƙoƙi biyar, amma ranar Lahadi wata uwa ta karɓi makirfo lokacin baiko ta ɗauko waƙar da ba a shirya ba, a matakin muryar da ya zo mata a baki. Mai fiyano yana lalube da yatsa ɗaya har ya kamo ta, sannan ya juyo ya faɗa wa mai bes sautukan da sunayensu na do-re-mi: "Do ne, je ka fa, dawo so." Kafin a yi minti goma an tashi daga waƙar Hausa an shiga ta Birom ko ta Angas, daga nan an faɗa hailaif, an zarce makosa, an ƙare da kiɗan nan mai bugu shida da ke tayar da jama'a tsaye, kuma babu wanda ya tsaya ya ba mai bes takarda. Idan ya fara sauri, mai ganga, wanda galibi ya girme shi, zai sunkuyo ya ce: "Ƙanena, bar kallon yatsunka, bi ƙafata." Wannan gajeren umarni shi ne rabin sana'ar, domin babbar gangar ƙafa da bes dole su sauka tare har mai sauraro ya kasa raba su. Mutanen Filato ma ba baƙi ba ne ga wannan aiki, domin a kiɗan zumuntar mata, matar da ke buga bakin babban tulu ita ce ke riƙe ƙasan waƙa, ba ta yin ado da yawa, amma idan ta kuskure duk masu rawa sai sun ji a ƙafarsu.

Ba a iya mayar da wannan darasi kan intanet, kuma dalilin na lissafi ne. Makaɗa biyu suna iya riƙe bugu ɗaya ne idan jinkirin da ke tsakanin bugun ɗaya da jin ɗayan bai wuce kimanin kashi 30 cikin 1,000 na sakan ba, wato kwatankwacin lokacin da sauti ke ɗauka ya yi tafiyar mita 10 a iska. Kiran bidiyo na yau da kullum yakan ninka wannan jinkiri sau da yawa, shi ya sa a shekarar 2020, lokacin kullen korona, mawaƙan da aka riƙa gani a allo ɗaya suna waƙa tare yawancinsu kowa ya naɗi nasa ne daban aka harhaɗa daga baya. Akwai manhajojin da aka ƙera don rage jinkirin, irin su Jamulus, amma suna bukatar intanet ta kebul mai tsayayyen ƙarfi, ba datar da ke hawa da sauka idan hadari ya taso daga Shere ba. Kiɗa a kan sautin ganga da aka naɗa yana da amfani ƙwarai wajen gyara bugu, sai dai gangar da aka naɗa ba ta sauri idan jama'a sun ɗauki zafi, ba ta kuma jiran fasto ya gama magana.

Abu na biyu da ƙungiya take bayarwa shi ne kayan aiki da hanyar abinci. Bes da amfilifaya da sifikar da za ta iya ɗaukar sautinta sun fi ƙarfin yawancin masu koyo, kuma a Jos, inda hedkwatar majami'un COCIN da ta ECWA suke, majami'u ne suka fi kowa mallakar waɗannan kaya. Yaro da yawa ya yi shekara yana koyo a kan jitar majami'a kafin ya mallaki tasa. Aiki kuma, na biki ne, ko na taron bankwana, ko na kiɗan otal a Rayfield, ko na situdiyo, yana zuwa ne ta bakin wanda ya taɓa tsayawa kusa da kai ya ga ka zo a kan lokaci kuma ba ka ɓata waƙa ba. Idan mai bes na wata ƙungiya ya yi tafiya ranar Juma'a, mai ganga ne ake tambaya wa zai kawo, shi kuwa sunan wanda ya saba da ƙafarsa zai kira. Garin da ya fitar da P-Square, da M.I Abaga, da Jesse Jagz, da Ice Prince, da Jeremiah Gyang, garin da Panam Percy Paul ya zauna ya horar da makaɗa masu yawa, ya yi wannan suna ne tun kafin data ta yi araha, ta hanyar majami'u da makarantu da ƙananan situdiyo inda mutane ke cuɗanya.

Amma zaman ƙungiya yana da nasa aibi, kuma masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Na farko shi ne gadon kuskure: maigida yana lanƙwasa wuyan hannunsa fiye da kima, ko yana matse wuyan jita da babban yatsa, yaronsa ya ɗauka haka ake yi, bayan shekaru ciwon hannu ya zo wa su biyun. Na biyu shi ne rowar ilimi, domin gurbi ɗaya ne, kuma wanda ke kansa ya san cewa yaron da yake koyarwa shi ne zai gaje shi. Akwai masu koyon da suke shafe watanni suna ɗaukar sifika da naɗe waya, ba a ba su jita sai bayan an tashi, lokacin da mai gadi yake jiran kashe janareta. Akwai kuma maganar kuɗi, inda wasu wurare ke cewa aikin Allah ne, ba za su ba da ko kuɗin Keke ba, alhali tsirkiya da kuɗi ake sayenta. Na uku, wanda ya fi sauran ɓoyuwa, shi ne rufin da ke kan ilimin kansa. Tsarin do-re-mi da makaɗanmu suke amfani da shi yana kaifafa kunne fiye da yadda baƙi suke zato, har mutum ya iya bin waƙar da bai taɓa ji ba, amma wanda bai wuce nan ba zai tsaya cak ranar da aka miƙa masa takarda a wani situdiyon Abuja mai ɗauke da haruffa da lambobi aka ce ga waƙar, za a naɗa bayan minti goma.

Duk waɗannan giɓi uku intanet tana cike su. Tun da aka kafa YouTube a 2005, hannun manyan makaɗa ya zama abin da kowa zai iya zuba wa ido, kuma ana iya rage gudun bidiyo zuwa rabi ba tare da sautin ya sauya mataki ba, abin da babu maigidan da zai yi haƙurin yi maka sau ashirin. Mai son makosa yana iya zama ya kalli yadda makaɗan Kamaru irin su Richard Bona da Etienne Mbappé suke kashe sauti da tafin hannu da yatsun hagu, wanda shi ne sirrin wannan tsalle da ake ji a kiɗansu. Mai son sanin yadda ake cika waƙa ba tare da an danne mawaƙi ba yana iya sauraron James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a waƙoƙin kamfanin Motown na Ditiroit a shekarun 1960, kuma yawanci da yatsa ɗaya na hannun dama yake kiɗa. Yanzu ma akwai manhajoji irin su Moises da ke ware sautin bes daga cikin waƙa a ji shi shi kaɗai, ko a cire shi mutum ya cike gurbin da kansa. Ga kuma babbar fa'ida ta jin bakuna da yawa, domin idan malamai biyar daga ƙasashe daban-daban suka haɗu a kan cewa wuyan hannu ya kamata ya miƙe, mai koyo yana da hujjar barin abin da ya gada.

Inda zumuncin masu bes na intanet ya fi nuna amfaninsa shi ne gyaran kaya, kuma yanayin Jos ya sa wannan ilimi ya zama dole. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, damina tana da ruwa sosai, hunturu kuma yana zuwa da sanyi da bushewar da ke tsotse danshin katako. Wuyan bes dogo ne, tsawon tsirkiyar da ke girgiza a yawancinsu inci 34 ne, kuma tsirkiyoyin suna jansa da ƙarfi dare da rana, saboda haka yana motsi da sauyin yanayi. Galibi a watan Disamba da Janairu katakon yakan tsuke, tsirkiya ta yi nisa da wuya har danna ta ya zama wahala, bakin ƙarafan da ke gicciye a wuyan ya fito yana kartar hannu, idan kuma ruwa ya sauka a Yuli da Agusta sai wuyan ya koma baya tsirkiya ta fara zuza. Mai koyo da bai sani ba yakan ɗauka jitar ce ta lalace, ko hannunsa ne ya mutu. Alhali a cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa da alanki, kuma ƙa'idar da duk masana suke maimaitawa ita ce kada a wuce rubu'in juyi a lokaci ɗaya, a sake ɗaure sauti, a jira katako ya zauna, kuma idan sandar ta ƙi juyawa a ƙyale ta, domin karya ta ya fi matsalar farko tsada nesa ba kusa ba. Masu gyaran jita na gaskiya ba su da yawa a gari, kuma wanda ya ɗauki hoton wuyan jitarsa ya tura wa masu bes 'yan'uwansa yakan samu amsa kafin gari ya waye.

Batun wuta kuwa ya nuna iyakar shawarar baƙi. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, don haka amfilifayar da aka kawo daga can ta hannu, idan ba mai karɓar duka biyun ba ce, tana bukatar taransifomar rage wuta, in ba haka ba hayaƙi ne zai biyo bayan kunnawar farko. Wannan kowa zai gaya maka a intanet. Haka kuma za su bayyana maka dalilin da ya sa wata bes take zuza wata ba ta yi: ƙirar Precision, wadda Leo Fender ya fitar a 1951, tun daga 1957 tana da maganaɗisun ɗaukar sauti da aka raba gida biyu don su kashe zuzar juna, ita kuwa ƙirar Jazz ta 1960 tana da guda biyu daban-daban waɗanda sai an buɗe su daidai wa daida suke yin shiru. Za su tuna maka cewa bes mai batir, wadda yawanci ke amfani da na bolt 9, tana shan batirin muddin waya tana soke a jikinta ko da ba a kiɗa. Abin da mutumin Landan ko na Teksas ba zai hango ba shi ne ɗakin taron da babu wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa a soket ɗinsa, da janaretan da ke ɗaukar fanka da fitilu da kayan kiɗa a layi ɗaya, da wutar da ke dawowa da ƙarfi a tsakiyar waƙa. Tsirkiyoyin bes a haɗe suke da jikin amfilifaya ta hanyar waya, shi ya sa wani lokaci mutum yakan ji wuta ta ja shi a leɓe idan ya kusanci makirfo hannunsa yana kan tsirkiya, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Maganinsa yana hannun mai gyaran wutar da zai zo ya duba ginin, da tsohon mai haɗa sauti na majami'a wanda ya san soket ɗin da ba a taɓawa.

Haka abin yake wajen sayen jita. A kasuwa akwai jabun da aka manna wa sunan Fender, kuma masu bes da suka daɗe suna iya gane su daga hoton kan jitar, da lambar da ke jiki, da yadda aka ɗaure wuya. Su ne kuma za su kwantar wa mai koyo da hankali cewa ƙananan samfuran Yamaha, da Ibanez, da Cort, da Squier, da Sire sun isa a yi aiki da su shekaru. Sai dai hoto ba ya nuna wuyan da ya murɗe, kuma wanda ya tura kuɗi ga mai sayarwa a Alaba ta Legas ko wani da ya gani a Facebook, bisa alkawarin za a sa kaya a mota, ya ɗauki kasadar da babu zauren da zai biya masa. A nan babban yaya da zai raka ka ya ɗaga jitar ya hango wuyanta da ido ɗaya ya fi shawara ɗari. Akwai ma wurin da shawarar waje take karo da bukatar gida kai tsaye. Malaman Turai da Amurka sukan ce mai koyo ya fara da tsirkiya huɗu, amma kiɗan majami'un Nijeriya yana yawan zama a matakan da sautinsu na ƙasa yake ƙarƙashin abin da tsirkiya huɗu za ta iya kaiwa, shi ya sa mai tsirkiya biyar ta zama ruwan dare a dandalinmu. Wanda ya san a majami'a zai yi kiɗa, kuma kuɗin jita ɗaya gare shi, gara ya sayi mai biyar tun farko ya koyi yadda ake danne wadda ba a kaɗawa.

Ita ma intanet ba abu ɗaya ba ce. Bidiyon kyauta yana da yawa amma ba shi da tsari, kuma mai koyo yakan wayi gari ya san farkon darasi hamsin bai kammala ko ɗaya ba. Makarantun da ake biya, irin wadda Scott Devine ɗan Ingila ya kafa, suna sayar da tsari ne, wato abin da za a koya yau da abin da zai biyo baya, kuma wannan yana da daraja, sai dai da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin ya zama abin da sai mai samu daga kiɗan ne zai iya ɗauka. A kan haka ga kuɗin data, wanda hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara har da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Darussan kuma kusan duka da Turanci ne, kuma misalansu na kiɗan can ne. Zaurukan WhatsApp na makaɗan gida su ne suka fi kusa da bukatar ɗan Jos, domin mutanen ciki sun san janareta, sun san do-re-mi, sun san farashin tsirkiya, kuma ta nan ake jin cewa wata ƙungiya a Abuja tana neman mai bes. Matsalarsu ita ce zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, kuma da zarar ya cika yakan koma wurin talla da gardamar siyasa da yabon juna. Mutum zai tura kiɗansa yana gudu gaba da ganga, a jero masa hoton wuta guda talatin, babu wanda zai ce masa ya yi sauri. A ganina zaure mai mutum arba'in da ke da tsofaffin hannu biyu masu faɗar gaskiya ya fi mai mutum dubu.

Akwai kuma waɗanda zaɓin bai zo musu daidai da na kowa ba. Tun rikicin Satumbar 2001 unguwannin Jos suka rabu fiye da da, kuma matashi Musulmi daga Anguwan Rogo ko Gangare da ke sha'awar bes ba shi da dandalin mako-mako irin na takwaransa na Jenta, ga shi kuma yawancin waƙoƙin Hausa na zamani da fiyano da kwamfuta ake haɗa su, har da sautin bes ɗin. Budurwar da ke son kayan kiɗan takan tarar an riga an yanke cewa wurinta layin mawaƙa ne, ko kuma iyaye ba za su yarda da bitar dare ba. Wanda yake ƙauye a Bokkos ko Langtang yana iya zama shi kaɗai ne mai bes a duk yankinsa. Ga waɗannan, intanet ce ƙofar farko, kuma babu dalilin da za su tsaya jiran wata. Abin da ya rage musu shi ne su nemi mai ganga ko da guda ɗaya, a makaranta ne, ko a cikin masu kiɗan biki, ko ma mai kalangu ko mai gangar djembe, su riƙa zama da shi lokaci-lokaci, domin hannu ya saba da bugun ɗan Adam.

Ga wanda ƙofar ƙungiya take buɗe masa kuma yanzu ya fara, hukuncina shi ne ya ba ta shekara biyu na farko, ya jure ɗaukar sifika, ya mayar da intanet wurin kai tambaya takamaimiya. Amma ya zaɓi ƙungiyar da idonsa a buɗe: ya duba ko mai gangarsu yana riƙe bugu, ko ana barin masu koyo su kaɗa ko da a taron tsakiyar mako ne, ko kuma akwai wanda ya taɓa fita daga hannun maigidan ya tsaya da ƙafarsa. Idan amsar duka ukun a'a ce, to ya nemi wata, majami'u da ƙungiyoyi ba su yi kaɗan a Jos ba. Wanda kuwa ya riga ya yi shekara uku ko huɗu a dandali, yana bin kowace waƙa da kunne amma ya lura salo biyar ɗin nan yake ta juyawa, shi ne ya kamata ya karkata nauyinsa zuwa intanet, ya koyi sunayen sautuka a duk faɗin wuyan jita, da karatun takarda, da yadda ake gina sautukan da ke haɗuwa, kuma idan zai biya makaranta ya biya na ɗan lokaci da niyyar kammala darasi guda, maimakon rajistar shekara da zai buɗe sau uku.

Yadda ake kai tambaya ma yana da nasa ladabi, kuma shi ke raba wanda ke amfana da wanda ke ƙona data. A naɗi bita ta gaske tare da ganga, ba kiɗan ɗaki ba, a ajiye wayar ɗan nesa da sifika don kada sautin ya fashe, a yanko minti ɗaya, sannan a tambayi abu guda: shin ina gaba da ganga a amshi, ko sautukana suna yin tsawo har suna shiga na gaba? A roƙi masu amsawa su saurara da abin sawa a kunne, kamar yadda shi ma mai tambayar ya kamata ya tanadi mai kyau kafin ya yi tunanin sayen wani akwatin sauya sauti. Gyaran da aka ba shi kuma ya kai shi bitar Asabar mai zuwa ya gwada, ya gaya wa mai ganga abin da yake ƙoƙarin gyarawa domin ya sa masa kunne, sannan ya sake naɗa waƙar nan dai ya kwatanta da ta makon jiya.